Wuƙar Surukina da Ta Lanƙwashe a Hannuna

Surukina yana da wata wuƙar aljihu mai ninkewa, wadda ban taɓa ganinsa ba tare da ita ba. Baƙa ce, ƙotarta ta ƙaho, ta sha hannu har ta yi santsi, ruwanta kuma ya siririce saboda yawan washi. Da ita yake yanka goro, da ita yake feƙe asuwaki, da ita yake gyaran komar kamun kifi. Yana gamawa sai ya goge ta a gefen riga, ya ninke, ya mayar aljihu. Da za ka gan ta yashe a hanya, ba za ka sunkuya ka ɗauka ba.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Haɗeja. Kakannina makiyaya ne, amma ni a gari na tashi, noma ban iya ba, kiwon ma sai labari. Shekarar da na auri 'yarsa, surukin nawa ya yanka mini wani yanki a gonarsa ta fadama, kusa da kogi, ya ce in gwada shinkafar rani. Na karɓa da godiya, na shiga zuwa gona duk ranar da babu makaranta. Tsakanina da shi akwai kunya mai nauyi. In durƙusa in ce, "Baba, barka da aiki," ya ce, "Malam, barka kadai," shi ke nan hirar yini ta ƙare. Duk abin da ya wuce wannan, ta bakin matata yake bi.

Wata Asabar da safe muna gona, tiyon injin ban ruwa ya fara yoyo a mahaɗa. Baba kuma yana da ɗaurin aure a garin Malam Madori, ɗan acaɓa na jiransa a kan hanya. Ya ciro wuƙar, ya miƙo mini da hannunsa.

"Malam, ga tsohon tib can a gindin bishiya. Ka yanki roba ka ɗaure wajen. Na karɓa in na dawo."

Na sa hannu biyu na karɓa. Na yanki robar, wuƙar ta bi ta cikinta kamar ba ta taɓa komai ba. Na ɗaure tiyo, yoyo ya tsaya. Da a nan na tsaya, da ba ni da labarin bayarwa. Amma da na tayar da injin, sai ya yi ta ƙara, ruwa kuwa kaɗan-kaɗan yake fitowa. Na san ciyawar kacala ce ta toshe shi, don ta cika mashigar ruwan wajen. Na kashe injin, na kwance notikan murfinsa da sifana, murfin ya ƙi tashi, laka ta riƙe shi. Na duba hagu da dama ban ga abin da zan ɓamɓare shi da shi ba. Sai na tuna da abin da ke aljihuna.

Na cusa tsinin wuƙar a ƙarƙashin murfin, na danna. Ya ɗan motsa. Na ƙara dannawa da ƙarfi, murfin ya ɗago. Na ji daɗi ƙwarai, har na zaro wuƙar na duba. Ruwanta ya karkace zuwa gefe guda, ya yi baka. Na gwada ninke ta, ta ƙi shiga ƙotarta, tsinin ya tsaya a waje yana kallon gabas. Na zauna a kan kunyar gona na daɗe ina kallonta. Da na cire ciyawar na mayar da murfin, injin ya shiga ba da ruwa yadda ya kamata, amma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Tun da ba ta ninkuwa, ba ta shiga aljihu. Na naɗe ta a hulata, na riƙe a hammata, na taho gida kai ba hula cikin ranar nan ta bazara. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaye ni ko lafiya.

Matata tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Na warware hular a gabanta. Ta dubi wuƙar, ta dube ni, ta ajiye faifan a hankali.

"Ta Baba ce?"

Na ce ita ce.

"Malam, wuƙar nan ta girme ni. Yayanmu ya taɓa ɗaukarta ya fere rake, sai da ya kwana biyu a gidan kakarmu don tsoron Baba." Ta yi ƙoƙarin haɗiye dariya, ta kasa. "Kai kuma me ka yanka da ita, dutse?"

Na yi mata bayani. Ta ce akwai maƙerin da ya ƙera ta, yana nan da ransa a unguwar maƙera, in kai masa. Ni kuwa a lokacin ilimi ya motsa mini. Na ce mata wuƙar da za ta lanƙwashe ta zauna a lanƙwashe ba ta da ƙarfe mai kyau, ƙarfen kirki ko dai ya koma yadda yake, ko ya tsaya ƙyam. Na ce wannan abu ne da nake koyarwa a aji. Na ce ma alheri ne ya zo a haka, don lokaci ya yi da Baba zai riƙe wuƙar zamani.

Ta ce, "To, malamin kimiyya."

Da la'asar na shiga kasuwa, wajen masu sayar da kwado da tocila da almakashi. Na zaɓi wata wuƙa mai ninkewa, fara tas, kana ganin fuskarka a jikinta. Tana da wani ɗan maɓalli da ke kulle ta idan an buɗe. Mai kayan ya ce ƙarfe ɗaya ce tun daga tsini har gindi, ba haɗi, ba ta tsatsa, ko a kogi ta kwana. Na kawo gida ina taƙama. Matata ta juya ta, ta yaba, sannan ta ce, "Ta yi kyau. Zai karɓa, zai sa maka albarka, zai sa ta a aljihu. Daga nan sai ya ce ina tasa."

Haka kuwa abin ya soma. Washegari da safe aka aiko daga gidansu, wai Baba na gaishe da Malam, kuma ko an ga saƙonsa. Matata ta mayar da amsa cewa Malam ya manta da ita a aljihun wata riga. Rana ta biyu aka sake aikowa, wai Baba na tambaya ko rigar ta dawo daga wanki. A nan na gane ba ni da sauran wajen ɓuya. Ranar Litinin ina tashi daga makaranta na nufi unguwar maƙera, wuƙa biyu a jakar littattafaina.

Maƙerin dattijo ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, da zanen Barebari a fuskarsa. Yana zaune a rumfarsa shi kaɗai, ga tarin fartanyu da lauje a gefe suna jiran wuta. Na yi sallama, ya amsa, ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan dogon hancin na Fulani ne. Me ya kawo bawana maƙera? Nan ba a sayar da nono."

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka ban ji haushi ba. Na ce, "Ubangidanka ne ya zo duba aikinka." Na fito da wuƙar na miƙa masa.

Yana ganinta ya gane ta. Ya ambaci sunan surukina, ya ce shi ya ƙera masa ita tun yana da baƙin gemu. Ya ɗaga ta sama, ya rufe ido ɗaya, ya bi karkatar da kallo.

"Me ka ɓamɓara da ita?"

"Murfin inji."

"Ai na sani. Bafillace in ya ga ƙarfe, duk sanda yake ɗaukarsa." Ya girgiza kai, ya ajiye ta a kan wani kututture. "Aikin nan babba ne. Sai wuta ta yi jajir. Mai yi mini zuga kuma ya tafi Miga ganin gida. In kana so ka tafi da ita yau, ga zugazugi nan."

Na cire rigar makaranta na rataye, na zauna a ƙasa, na kama zugazugi. Ban taɓa sanin aikin yana da wuya haka ba. Sai ka danna na dama, na hagu na tasowa, in ka rikice wutar ta kwanta, toka ta tashi ta cika maka ido. Ya sa fartanya a wuta, ta yi ja, ya ciro da awartaki, ya daka a kan uwar maƙera. Ya sa ta biyu. Na tambaye shi yaushe za a zo kan wuƙar, ya ce wutar ba ta kai ba tukuna. Ya sa lauje. Gumi ya jiƙa mini singileti. Mutane na wucewa suna leƙowa, har da uban wani ɗalibina, wanda ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya tambaya ko an daina biyan malamai ne.

Don in rage wa kaina kunya, sai na shiga yi wa maƙerin darasi. Na ce masa gaskiya wuƙar ba ta da ƙarfe mai kyau, shi ya sa ta lanƙwashe. Na sa hannu ɗaya a jaka na ciro sabuwar, na ce ga irin wadda ake yi yanzu, ƙarfe ɗaya, ba haɗe-haɗe.

Ya ajiye masaba. Ya karɓi sabuwar, ya buɗe, ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera ya saurari ƙararta, ya goga mata magagari a gindi.

"Ba laifi," in ji shi. "Ƙarfenta ɗaya, kuma an ba ta ruwa, taurinta daidai gwargwado. Ni ma yawancin waɗanda nake yi yanzu ƙarfe ɗaya ne, daga sifirin ɗin mota. Ya fi sauri, mutane kuma ba su da haƙurin jira. Ci gaba da zuga, kunnenka ba ya hannunka."

Na ci gaba. Ya ɗauko ta surukina, ya tofa mata yawu, ya goge da babban yatsa, ya kawo ta kusa da idona.

"Me ka gani a nan, sama da kaifin kaɗan?"

Na duba. Akwai wani siririn layi da ya bi tsawon ruwan wuƙar, yana ɗan karkace-karkace. Daga layin zuwa kaifi ƙarfen ya fi haske, daga layin zuwa sama ya fi duhu. Na ce ina tsammanin tsagewa ce.

"Malamin me aka ce kai?"

"Kimiyya."

"Allah ya jiƙan yaran." Ya zauna sosai. "Ƙarfe uku ne a nan. Na tsakiya mai tauri ne, daga tsohon magagari na yanko shi. Shi ne yake yanka. Amma in shi kaɗai ne, da taurin da na ba shi, ranar da ka sa shi a murfin inji da gida biyu zai rabu, wataƙila guntun ya same ka a ido. Sai na sa shi tsakanin baƙin ƙarfe biyu masu laushi, na kai su wuta har suka kusa narkewa, na daka suka zama ɗaya. Masu laushin su ne suka riƙe shi. Sun yarda su lanƙwashe, ba su bari ya karye ba. In an zo washi kuma, su suna cinyewa da sauri, na tsakiyar ya fito. Shi ya sa surukinka shafa uku yake yi mata a dutse ya tashi."

Na tambaye shi me zai faru da sabuwar in aka sa ta a murfin.

"Wannan? Za ta ɗan ba da kai ta dawo, in ba ka matsa ba. In ka matsa, ko tsinin ya ɓalle, ko ƙusar da ta riƙe ta ta saki. Wanne ne zai riga, ban sani ba. Kawo murfin mu gwada."

Na ce a'a, na gode.

"Amma fa tana da abin da waccan ba ta da shi," ya ƙara. "Ba ruwanta da tsatsa. Ta surukinka in ta yini a jiƙe, gobe ja za ka same ta. Kowacce da halinta. Mu da muka koyi haɗa uku, ƙarfe mai kyau ne ya yi mana wuya a lokacin, magagari ɗaya sai ya yi wuƙa biyar. Ba don mun fi kowa wayo ba ne."

Sai da ya gama fartanya huɗu da lauje biyu, sannan ya ce to, yanzu a zo kan babban aiki. Na ƙara ƙarfin zuga, wuta ta tashi. Shi kuwa ko kallon wutar bai yi ba. Ya ɗora wuƙar a kan kututturen nan, bayan bakan yana sama, ya ɗauki wani guntun icce, ya buga mata a hankali sau uku. Ya ɗaga, ya rufe ido ɗaya, ya ƙara bugu ɗaya. Ya ninke ta, ta shige ƙotarta lafiya lau. Ya miƙo mini.

Na saki zugazugin. Na ce, "Wutar fa?"

"Wace wuta? In na sa ta a wuta ai na kashe mata kaifi. Wutar ta fartanyu ce."

Na tashi da ƙyar, ƙugu ya riƙe. Na tambayi ladan aiki, ya ce na riga na biya, har da canji, in na sake lanƙwasa wani abu in dawo ranar da aiki ya taru. Yana ta dariya har na fita daga layin.

Ban jira aike na uku ba. Na biya gida na wanke toka, na sa riga mai kyau, na tafi gidan surukaina. Na same shi a zaure bayan la'asar yana sauraron rediyo. Na durƙusa, muka gaisa, na miƙa wuƙar da hannu biyu, na ce a yi haƙuri da jinkiri. Ya buɗe ta. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ya rufe ido ɗaya, daidai yadda maƙerin ya yi. Ya daɗe a haka. Ni kuwa ina kallon tabarma.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Fartanya nawa?"

Na ɗago kai. Fuskarsa ba alamar wasa. Na ce, "Huɗu, Baba. Da lauje biyu."

Ya gyaɗa kai, ya ninke wuƙar. "Ya rage mugunta, tsufa ya kama shi. Ni garma ya sa na yi wa zuga, tun hantsi har azahar. Ƙofar rumbu na ɓamɓara da ita, shekarar da aka haifi matarka."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, a gaban surukina, abin da ban taɓa yi ba. Shi ma kafaɗunsa suka yi ta motsi, ko da yake bai buɗe baki ba. Da muka natsu na ciro sabuwar wuƙar na ba shi, na ce tsaraba ce. Ya karɓa, ya buɗe, ya yi ta fama da maɓallin kafin ta rufu, ya sa mini albarka. Sannan ya aika da ita cikin gida.

A hannun surukata ta zauna. Ita ke gyaran kifin da ake kawowa daga kogi, tarwaɗa da karfasa, kullum hannunta cikin ruwa. Bayan mako guda ta aiko wa matata cewa a gaya wa Malam ba a taɓa kawo wuƙa mai hankali gidan ba kamar wannan, a jiƙe take barinta ta wayi gari fes. Baba ya ce wuƙar da ba ta neman a goge ta, ragwaye take tarawa. Ita kuma ta ce wuƙar da sai an lallashe ta kamar jariri, mai ita ne ba shi da aikin yi. Sun yi watanni a kan wannan magana, duk wanda ya je gidan sai an sa shi ya faɗi ra'ayinsa. Ni da aka tambaye ni, cewa na yi kowacce da halinta, aka ce na iya zama da mutane.

Bayan an yanke shinkafa na koma wajen maƙerin na ce ya ƙera mini tawa, mai ƙarfe uku. Ya ce in kawo tsohon magagari, in kuma zo da hannuwana. Asabar uku na yi ina zuga. Wannan karon na ga komai da idona: yadda ya jera ƙarafan uku ya ɗaure da waya, yadda ya barbaɗa musu wani farin gari kafin su koma wuta, yadda tartsatsi ya watsu a bugun farko. Haɗin farko bai kama ba, gefe guda ya buɗe, ya jefar ya ce zugata ce ba ta da kyau. Na biyu ya kama.

Da na kai wa Baba ya gani, ya gwada kaifin a farcensa, ya ce wa ya wasa ta. Na ce ni. Ya ce ya ga alama. Ya tashi ya ɗauko dutsensa daga bayan ƙofa, ya yayyafa masa ruwa, ya ce in matso kusa. Ya riƙe hannuna ya kwantar da ruwan wuƙar a kan dutsen, ya nuna mini yadda ake ɗan ɗaga bayanta, ana turawa ba a dannawa. Na yi, ya ce a sake. Muna nan a zauren har aka kira magariba, ya ce in bar ta a wajensa, in dawo ranar Juma'a mu ƙarasa ɗaya gefen.